Ingilishi ya zama harshen aiki a Nijar: wa zai biya malaman da ƙarin nauyin zai hau kansu?

Yamai – Tun ranar 26 ga watan Maris na 2025, lokacin da shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sanya hannu a kan Kundin Sake Gina Ƙasa, matsayin harsuna ya sauya a Jamhuriyar Nijar. Aya ta 12 ta kundin ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mafi yawan muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan abu biyu: makomar Faransanci, da matsayin sauran harsunan ƙasar irin su Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci.

Akwai wani ɓangare da ba a cika tattaunawa a kansa ba. Harshe ba ya zama na aiki a ofisoshi sai an sami ma'aikatan da suka iya shi, su kuma ma'aikatan a makaranta za su koye shi. Ke nan duk ranar da aka soma daidaita manhajar karatu da wannan sabon matsayi, mutanen farko da aikin zai ƙaru a kansu su ne malaman Ingilishi na kolej-kolej da lise-lise. Abin da ya faru a wasu ƙasashen Afirka da suka riga Nijar bin wannan hanya ya nuna cewa idan ba a lissafa ƙarin aikin malami aka saka kuɗinsa cikin kasafi tun farko ba, sauyin yakan daɗe yana kan takarda kafin ya isa cikin aji.

Abin da kundin ya sauya

Kafin 2025, Faransanci shi kaɗai ne harshen hukuma a kundin tsarin mulkin 2010. Ingilishi kuwa darasi ne kamar sauran darussa, wanda ɗalibin makarantar gwamnati ke fara gamuwa da shi a ajin farko na kolej, ya ci gaba da shi har zuwa jarrabawar BEPC da ta bakaloriya. Da yawa daga cikin waɗanda suka bi ta wannan hanya sun fito da ɗan nahawu da ƴan kalmomi, amma rubuta wasiƙar ofis ko jagorantar taro da Ingilishi wani abu ne daban.

Sabon matsayin ya zo ne kwanaki kaɗan bayan Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta OIF, a watan Maris na 2025. Ba Nijar kaɗai ce ta ɗauki irin wannan mataki a yankin ba. Mali ta mayar da Faransanci harshen aiki a kundin tsarin mulkinta na 2023, Burkina Faso kuma ta haɗa Ingilishi da Faransanci a wannan matsayi a gyaran da ta yi wa nata kundin a ƙarshen wannan shekarar.

Ga Nijar, buƙatar Ingilishi ta wuce batun siyasa. Iyakarta da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ƴan kasuwar Maraɗi, Damagaram da Ƙonni sun san cewa Hausa ta isa a yi ciniki a Katsina ko Kano, amma takardun banki, na kwastan da na kwangila da Ingilishi ake rubuta su. Haka ma hulɗa da kamfanonin China, Turkiyya, Indiya da ƙasashen Larabawa. Saboda haka matsin lamba na a ƙara wa harshen lokaci da muhimmanci a makaranta zai fito daga gwamnati, zai kuma fito daga iyayen yara.

Su wane ne malaman da ake magana a kansu

Malaman sakandare a Nijar ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai cikakkun ma'aikatan gwamnati masu lambar aiki, da yawansu sun fito daga babbar makarantar horar da malamai ta ENS da ke Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Akwai ƴan kwantaragi, waɗanda tsarinsu ya samo asali daga shirin ƴan sa-kai na ilimi da aka ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake neman buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. Akwai kuma matasa masu bautar ƙasa da ake turawa makarantu don cike giɓi.

A lokacin yaje-yajen aikin 2016 da 2017, rahotanni sun nuna cewa ƴan kwantaragi sun kai kusan kashi 80 cikin 100 na malaman ƙasar, kuma abin da suke karɓa a wata yana tsakanin jaka 75 zuwa jaka 100 na sefa. Tun daga wancan lokaci an ɗauki wasu daga cikinsu aiki na dindindin a rukuni-rukuni, amma har yanzu makarantun gwamnati sun dogara ƙwarai a kan ƴan kwantaragi. Jinkirin biyan kuɗin ƙarshen wata, wanda takardun hukuma ke kira pécule, yana cikin ƙorafe-ƙorafen da ƙungiyoyin malamai irin su SNEN da SYNACEB suka daɗe suna gabatarwa ga gwamnatoci daban-daban.

Wannan bambancin matsayi yana da tasiri kai tsaye a kan batun ƙarin aiki. Cikakken ma'aikaci yana da matakan ƙarin girma da fansho, kuma yana da ƙarfin cewa jadawalinsa ya cika. Ɗan kwantaragi ko mai bautar ƙasa, wanda ke fatan a ɗauke shi aiki gobe, da wuya ya ce wa darakta a'a. A aikace, idan aka ƙara awoyi ba tare da ƙa'ida rubutacciya ba, waɗanda suka fi ƙarancin albashi su ne za su fi ɗaukar kayan.

Aikin da ba ya fitowa a jadawali

Jadawalin mako yana nuna awoyin da malami ke tsaye gaban allo ne kawai. Sauyin manhaja kuwa yana kawo ayyuka aƙalla iri biyar da jadawalin ba ya nunawa.

Na farko shi ne sake shirya darussa. Malamin da ya shekara goma yana koyar da aji ɗaya yana da littafin shirinsa, da tambayoyinsa, da misalansa. Sabuwar manhaja tana nufin ya sake rubuta yawancinsu.

Na biyu shi ne kayan aiki. A makarantu da dama ɗalibai ba su da littafin Ingilishi kowa da nasa, kuma sababbin littattafai sukan makara bayan an sauya manhaja. A wannan tsakani malami ne ke neman rubutun karantawa, ya buga, ya yi fotokwafi, sau da yawa da kuɗin aljihunsa da kuɗin intanet ɗin wayarsa.

Na uku shi ne gyaran takardu da gwajin magana. A ɗauki misali da malamin da ke riƙe da aji biyar, kowane aji da ɗalibai 70. Yana da takardu 350 a kowace jarrabawa. Idan kowace takarda ta ci minti biyar, aikin gyara kaɗai ya haura awa 29. Idan sabuwar manhaja ta ce a riƙa gwada ɗalibi da baki, abin da ya zama dole in har ana son ya iya magana da harshen, minti uku ga kowane ɗalibi sun kai awa 17 da rabi. Malamin lissafi ko na tarihi ba shi da irin wannan gwaji na mutum ɗaya-ɗaya.

Na huɗu shi ne horo. Sabuwar manhaja tana zuwa da tarurrukan ƙara wa juna sani, kuma galibi a lokacin hutu ko ƙarshen mako ake yin su, wani lokaci a babban birnin jiha, nesa da inda malami ke aiki.

Na biyar shi ne koyar da abokan aiki. Idan har aka yanke shawarar shigar da Ingilishi a firamare, ko aka buƙaci ma'aikatan ofisoshin gwamnati su koye shi, ba daga wata ƙasa za a fara neman masu horarwa ba. Malaman kolej da lise da ke Tawa, Doso ko Agadas za a fara kira.

Ƙa'idar duniya a kan wannan a fili take. Shawarar haɗin gwiwa da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNESCO suka amince da ita a birnin Paris ranar 5 ga Oktoba 1966 game da matsayin malamai ta ce a tsayar da awoyin aiki bayan an tuntuɓi ƙungiyoyin malamai, a kuma yi la'akari da yawan ɗalibai, da lokacin shirya darasi, da na gyaran takardu, da na samun horo. Ta ƙara da cewa malamin da awoyinsa na aji suka wuce iyakar da aka tsayar ya cancanci ƙarin kuɗi bisa ma'aunin da aka amince da shi. Wannan takarda ba doka ba ce da ke tilasta wa ƙasashe, amma ita ce dalilin da ya sa ake bikin ranar malamai ta duniya a kowace 5 ga Oktoba, har da Nijar.

Darasi daga Aljeriya da Ruwanda

Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa, ta shigar da Ingilishi a aji uku na firamare a watan Satumba na 2022, ƴan makonni bayan shugaba Abdelmadjid Tebboune ya ba da umarni. An ɗauki malamai kimanin 5,000 a kan kwantaragi, aka ba su gajeren horo, aka kuma ware wa darasin minti 90 a mako. Saboda awoyin kowace makaranta ba su isa cika jadawalin malami ɗaya ba, da yawa daga cikinsu sun riƙa zagaya makarantu da dama a mako guda. Abin lura shi ne Aljeriya ta bi aji-aji: aji uku a 2022, aji huɗu a 2023, aji biyar a 2024. Kuma a watan Disamba na 2022 gwamnatin ƙasar ta yanke shawarar mayar da malaman kwantaragi kusan 60,000 cikakkun ma'aikata. Aljeriya tana da kuɗin iskar gas da Nijar ba ta da irinsu, amma duk da haka ba ta iya yin sauyin a shekara ɗaya ba.

Ruwanda ta fi kowa yin gaggawa. A watan Oktoba na 2008 ta sanar da maye gurbin Faransanci da Ingilishi a matsayin harshen koyarwa, alhali mafi yawan malamanta da Faransanci aka horar da su. An shirya musu kwasa-kwasan Ingilishi a lokutan hutu, daga baya aka ɗauko masu ba da horo har daga Uganda da Kenya. A 2011 aka mayar da harshen Kinyarwanda a azuzuwa uku na farko, sannan a ƙarshen 2019 aka sake komawa Ingilishi tun daga aji ɗaya. A watan Agusta na 2022, shekara kusan 14 bayan sauyin farko, gwamnati ta ƙara wa malaman firamare masu ƙaramar takarda kashi 88 cikin 100 na albashinsu, masu difloma da digiri kuma kashi 40 cikin 100. Daga cikin dalilan da firaministan wancan lokaci Edouard Ngirente ya bayar a gaban majalisa akwai yawan malaman da ke barin aikin a kowane wata. Ruwanda ta biya kuɗin a ƙarshe, amma bayan ta yi asarar malaman da ta riga ta kashe kuɗi wajen horar da su.

A Najeriya kuwa, ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamba na 2025 da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko. A wannan shekarar ce malaman firamare na gwamnati a Abuja suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda rashin biyansu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Manufar harshe ta sauya sau biyu cikin shekara uku, yayin da batun albashin masu aiwatar da ita ya tsaya cik.

Haɗarin da ke tattare da rashin biya

Malamin Ingilishi yana da wata dama da yawancin abokan aikinsa ba su da ita: kasuwa tana neman abin da ya iya. Makarantu masu zaman kansu da ke tallan koyarwa da harshe biyu suna ƙaruwa a Yamai da manyan birane. Ƙungiyoyin agaji da kamfanoni suna neman masu fassara. Iyaye masu hali suna biyan kuɗin darasin gida. Daga ranar da Ingilishi ya zama harshen aiki, darajar wannan ƙwarewa ta tashi.

Idan gwamnati ta ƙara wa malami aiki ta bar kuɗinsa yadda yake, abu uku ne mafi yiwuwa. Waɗanda suka fi ƙwarewa za su bar makarantun gwamnati. Waɗanda suka tsaya za su raba ƙarfinsu, safe a makarantar gwamnati, yamma a ta kuɗi ko a gidajen mutane. Sannan kolej-kolej na karkara, inda babu darasin gida babu makarantar kuɗi, su ne za su fi rasa malamai, domin kowa zai nemi a mayar da shi birni. Sakamakon shi ne ɗan mai kuɗi a Yamai ya fito da Ingilishin da zai ba shi aiki, ɗan manomi a Dakoro ko Tanut ya fito da sunan darasin kawai a takardar sakamakonsa. Sauyin da aka yi da niyyar buɗe wa matasa ƙofa zai iya ƙara faɗaɗa tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye.

Hujjojin da ke ɗaya ɓangaren

Gwamnati ma tana da abin faɗi. Baitulmali yana cikin matsi tun bayan takunkuman da ƙungiyar CEDEAO ta saka a 2023 da kuma janyewar wasu masu ba da tallafi, ga kuma kuɗin da matsalar tsaro ke ci. Har yanzu dubban azuzuwa na zana ne, kuma akwai makarantun da aka rufe a jihar Tilaberi saboda hare-hare. A irin wannan hali, duk wani sabon alawus yana gogayya ne da gina aji ko ɗaukar sabon malami.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma daga cikin malamai za ta fito. In an ware wa malaman Ingilishi wani kuɗi na musamman, me za a ce wa malamin firamare da za a nemi ya koyar da Hausa ko wani harshen gida, bayan da Faransanci aka horar da shi? Me za a ce wa malamin tarihi da labarin ƙasa idan aka sake masa manhaja? Alawus da aka ɗaura wa darasi ɗaya zai iya raba kan malamai a ɗakin hutunsu, ya kuma haifar da jerin buƙatu da gwamnati ba za ta iya cikawa ba.

Wannan damuwa tana da tushe, kuma ita ce ke nuna mafita. Kuɗin ya kamata ya bi aikin da aka yi, ko wane darasi ne mai shi ke koyarwa. Wanda ya wuce iyakar awoyinsa, ko ya horar da abokan aiki, ko ya rubuta kayan koyarwa da ma'aikatar ilimi ta karɓa, a biya shi bisa ma'auni ɗaya. Malaman Ingilishi za su fi amfana a farko saboda a kansu aikin zai fara sauka, amma ƙofar a buɗe take ga kowa.

Abin da za a iya tsayarwa tun yanzu

Mataki na farko shi ne lissafi. Kafin a fitar da kowace sabuwar manhaja, ma'aikatar ilimi tana iya tattara adadin malaman Ingilishi da ke kowace jiha, da matsayinsu, da yawan azuzuwan da kowa ke riƙewa. Da wannan ne za a san awoyi nawa sauyin zai ƙara, da kuma nawa daga cikinsu malaman da ake da su za su iya ɗauka.

Na biyu, a rubuta farashin kowane nau'in ƙarin aiki a cikin takardar doka, bayan zama da ƙungiyoyin malamai: awar da ta wuce iyaka, ranar horo a lokacin hutu, kuɗin mota ga mai zagaya makarantu, da ladan jagorantar taron malaman darasi ɗaya. Farashin ya zama ɗaya ga cikakken ma'aikaci, ɗan kwantaragi da mai bautar ƙasa, tunda awa ɗaya a gaban ɗalibai 70 nauyinta ɗaya ne a kan kowa.

Na uku, kuɗin ya fito a cikin kasafin shekarar da za a fara sauyin, kuma a riƙa biyansa tare da kuɗin wata. Alawus da ake jira har ƙarshen shekara, ko ya koma bashi, ba ya hana malami tafiya neman wani aikin.

Na huɗu, in kuɗin bai isa ba, a rage saurin sauyin. Fara wa da aji ɗaya ko jihohi kaɗan, kamar yadda Aljeriya ta bi aji-aji, ya fi a shelanta shi a faɗin ƙasa a bar malamai su cike giɓin da lokacinsu da aljihunsu. Kuma bai kamata a juya nauyin zuwa ga iyaye ta hanyar kwamitocin COGES ba, domin hakan zai sa ingancin darasi ya danganta da arzikin unguwa.

Na biyar ya shafi makarantu masu zaman kansu. Malamansu suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, wadda ta tanadi ƙarin kuɗi ga awoyin da suka wuce na ƙa'ida. Makarantar da ke karɓar ƙarin kuɗi daga iyaye da sunan Ingilishi ya dace sufetocin ƙwadago su duba ko wani abu daga ciki yana isa ga malamin da ke koyar da shi.

Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kundin Sake Gina Ƙasa ya riga ya ba Ingilishi sabon matsayi. Abin da ƙungiyoyin malamai da iyayen yara za su sa wa ido a kasafin kuɗi mai zuwa da kuma shirin komawa makaranta shi ne ko akwai layin da aka ware wa ƙarin awoyin malamai, da nawa aka saka a ciki, da kuma ko ƴan kwantaragi suna cikin waɗanda za su amfana.